Tsohuwar Babbar Mota a Diffa: Ina Ribarta, Ina Asararta?

Duk wanda ya tsaya a bakin kwalta a garin Diffa yana kallon motocin da ke wucewa zai lura cewa sabuwar mota ba ta da yawa, in aka cire na gwamnati da na jami'an tsaro da na ƙungiyoyin agaji. Sauran duk sun ci zamaninsu a wani wuri kafin su iso nan. Wata daga Faransa ko Beljiyam ta fito, wata daga Amurka, wata kuwa sai da ta gama zagaye Kano da Maiduguri sannan ta tsallako kogi. Ke nan maganar riƙon tsohuwar mota ta shafi kusan kowane mai mota a wannan jiha. Abin da ake gardama a kansa a gareji da majalisu shi ne wace irin tsohuwa ya kamata a saya. Wasu sun ce ƙarama mai tsimin mai. Wasu kuma hankalinsu na kan babba mai faɗi, irin ƙirar Amurka, wadda kan zo da sauƙin kuɗi saboda masu nemanta ba su da yawa.

Ra'ayina a taƙaice shi ne, lafiyar tsohuwar mota tana hannun abubuwan da ke kewaye da ita: hanyar da za ta bi, man da za ta sha, bakaniken da ya san cikinta, shagon da ke da kayanta, da halin mai ita. Kuɗin da aka biya dillali shi ne mafi ƙanƙanta a cikin lissafin.

Wace ce babbar motar Amurka?

Alhazanmu sun san ta ko da ba su riƙe sunanta ba. Wanda ya sauka Jidda ko ya hau tasi tsakanin Makka da Madina a shekarun baya ya ga Chevrolet Caprice da Ford Crown Victoria da Mercury Grand Marquis, dogayen motoci masu kujerar baya da ke ɗaukar manya uku ba tare da matsi ba. A Amurka kuwa Crown Victoria ta daɗe tana zama motar 'yan sanda da tasi mai ruwan ɗorawa ta birnin New York. Tsawonta ya kusa mita biyar da rabi, nauyinta ya kusa tan biyu, injinta mai silinda takwas ne, lita 4.6. An ɗora bodinta a kan shasi na ƙarfe daban, kamar yadda ake ƙera a-kori-kura, kuma ƙafafun baya ne ke tura ta. An rufe ƙera ta a ranar 15 ga Satumba, 2011, a masana'antar St. Thomas da ke Kanada, kuma ta ƙarshen da ta fito Saudiyya aka kai ta.

Masu riƙe da irin waɗannan motoci a Amurka har gobe suna yabon su, kuma suna da hujja. Injin ba ya wahala domin ya fi ƙarfin aikin da ake ba shi. Ƙirar ba ta da sarƙaƙiya. An ƙera su da yawa ƙwarai, don haka kayan gyara birjik suke a kowane gari, sabo da na hannu. Mai tasi ya yi kilomita dubu ɗari biyar da ita ba abin mamaki ba ne.

A titunan Diffa da kyar ka ci karo da waɗannan. Babbar motar Amurka da ta fi shigowa yankinmu ita ce Toyota Avalon, wadda aka fara ƙerawa a 1994 a garin Georgetown na jihar Kentucky domin masu son faɗi da laushin tafiya, sai 'yar uwarta Camry da Honda Accord masu silinda shida. Su ne ke zuwa ta jirgin ruwa, yawanci bayan an saye su a kasuwar gwanjo. Wani rahoto da hukumar kula da muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar a 2020 ya ce tsakanin 2015 da 2018 an fitar da ƙananan motoci na hannu kimanin miliyan 14 daga Turai da Amurka da Japan, kuma Afirka ta fi kowace nahiya karɓa. Motar da ke ƙofar gidanka ɗaya ce daga cikin wannan ambaliya.

Hanya ce ke zaɓar mota

Diffa na da nisan fiye da kilomita 1,300 daga Yamai, kusan 470 daga Damagaram. Babbar hanyar ƙasa mai lamba ɗaya, wadda ta ratso Gure da Gudumariya da Maine-Soroa ta wuce Ngigimi, ita ce jijiyar jihar. A kan wannan kwalta, inda take da lafiya, babbar mota na nuna darajarta. Nauyinta ya sa iskar manyan motoci ba ta kaɗa ta, tsawonta na shanye gargada, tsoho ko marar lafiya da za a kai asibitin Damagaram zai isa ba tare da ya jigata ba.

Amma rayuwar kwarin Komadugu ba a kan kwalta take ba. Gonakin tattasai da shinkafa suna bakin kogi, kasuwannin ƙauye suna cikin yashi, hanyoyin Geskeru da Tumur da Boso kuwa kowa ya san halinsu. Da ka sauka daga kwalta, abin da ya zama alheri sai ya koma nauyi. Motar ta yi ƙasa, hancinta da bayanta sun yi tsawo, cikinta na gogar tudun da ke tsakanin sawun tayoyi. Idan ta kafe a rairayi, tan biyu ne za a tura. Giyarta mai sarrafa kanta ce, kuma direban da ya dage yana taka totur yana neman fita zai dafa man giyar har ya ƙone. Idan batir ya mutu, ba a tayar da irin wannan mota da turi.

Da kaka kuma kogi kan cika. Ambaliyar 2019 da ta 2022 sun shafe gonaki da unguwanni, sun yanke hanyoyi. Motar da ke shaƙar iska daga ƙasa-ƙasa, in ta zuƙi ruwa sau ɗaya, inji ya tafi.

Shi ya sa ranar kasuwa, abin da za ka gani ɗauke da buhunan busasshen tattasai har sun fi tsayin kan direba shi ne tsohuwar Land Cruiser ko Hilux, fentinta ya koɗe, an ɗaure ƙofarta da igiya, yara biyu na maƙale a baya da shebur da jarkar ruwa. Ba ta da kyan gani, amma za ta je ta dawo. Sai dai tana da tsada ko da ta tsufa, kuma a shekarun rashin tsaron nan ita ce motar da idon 'yan bindiga ya fi faɗawa a kai. Wannan na cikin dalilan da suka sa ma'aikaci da ƙaramin ɗan kasuwa suka karkata ga motar gida. Wani dalilin kuma shi ne dokar ta-ɓaci da aka kafa a Fabrairun 2015, bayan harin Boko Haram a Boso da Diffa, wadda ta hana hawan babur. Dubban 'yan kabu-kabu suka rasa sana'a, wanda ya saba zuwa aiki a kan babur ya koma neman mota, ko wace iri aljihunsa ya iya.

Lissafin mai

Man fetur ɗin Nijar daga ƙarƙashin ƙasar wannan jiha yake fitowa. Daga rijiyoyin Agadem ake tura shi zuwa matatar SORAZ kusa da Damagaram, wadda ta fara aiki a 2011 da ƙarfin tace ganga 20,000 a rana. Duk da haka shekara da shekaru yawancin motocin Diffa man Najeriya suke sha, na kwalba da jarka a bakin titi, domin tallafin da gwamnatin can ke bayarwa ya sa ya fi araha. A wancan lokaci mai babban inji bai damu ba. Ranar 29 ga Mayu, 2023, Shugaba Tinubu na Najeriya ya sanar da cire tallafin, farashi ya yi tashin gwauron zabi a can, jama'a suka koma gidajen mai a nan. A Yulin 2024 hukumomin Nijar suka rage kuɗin lita daga sefa 540 zuwa 499. A Maris ɗin 2025 kuwa aka shiga ƙarancin mai da dogayen layuka a biranen ƙasar.

To, a yi lissafi. Mota mai silinda takwas irin Crown Victoria na shan kusan lita 14 a kilomita 100 cikin gari, kusan 10 a doguwar hanya. Corolla mai lafiya ba ta wuce 8. Wanda ke yin kilomita dubu a wata cikin gari, a farashin 499, zai kashe kusan jika 70 a babbar, kusan jika 40 a ƙaramar. Bambancin jika 30 ne kowane wata, a ƙasar da mafi ƙarancin albashi yake jika 42. A shekara ya kai jika 360. Rangwamen da dillali ya yi maka ranar ciniki, gidan mai zai karɓe shi kafin shekara biyu. Avalon mai silinda shida tana tsakanin biyun, amma ta fi kusa da babbar idan aka kunna sanyi ana yawo cikin gari.

Ingancin mai ma abin dubawa ne. Tsofaffin motoci masu kafireto suna haƙuri da man kwalba, in sun toshe a buɗe a hure a mayar. Motocin da ke fesa mai ta allura, famfonsu na cikin tanki, ba su da wannan haƙuri. Ƙura kaɗan ko ruwa kaɗan ya isa ya kashe famfo. Yawo da tanki kusan wayam, ana zuba lita biyu-biyu, yana ƙara gaggauta mutuwarsa, domin man da yake nutse a ciki shi ke sanyaya shi.

Darasin Fijo

Manyanmu sun riƙe tsohuwar mota shekara ashirin, talatin, ba tare da kuka ba. Peugeot 504, wadda ta fito a 1968, ta yi kama da motocin Amurka ta fuskoki da dama: ƙafafun baya ke tura ta, injinta ba shi da wuyar fahimta, ƙafarta na da laushi. Abin da ya raya ta a ƙasar Hausa da Barno shi ne masana'antar Kaduna, wadda ta fara aiki a 1975 ta ci gaba da haɗa 504 har 2006. A tsawon waɗannan shekaru kowane bakanike daga Sakkwato zuwa Ngigimi ya koyi aiki a kanta, kowane shago na da fulogi da fambel da kulocinta, kowace matacciya ta zama rumbun kayan gyara ga masu rai. Yau Toyota ce ta gaji wannan matsayi.

Abin da Crown Victoria ke da shi a Amurka ke nan, kuma shi ne ba ta da shi a Diffa. Kayan gyaran jihar nan yawanci daga Najeriya suke zuwa, daga Maiduguri ta Damasak ko Gaidam in hanya ta yi kyau, ko daga kasuwar Ƙofar Ruwa a Kano ta Damagaram. Abin da Kano ba ta ajiye ba, sai an aika Legas ko Dubai. Wannan sarƙa kuwa tana tsinkewa. Najeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020. Bayan juyin mulkin Nijar na 26 ga Yuli, 2023, an sake rufewa har Maris ɗin 2024. Iyakar Benin, wadda motocin Kwatano ke bi, ta daɗe a garƙame, aka koma dogon zango ta Lome da Burkina Faso. A irin wannan lokaci mai Corolla zai samu abin da yake nema a cikin gari, ko na hannu ne. Mai motar da ba ta da 'yan uwa zai ɗora ta a kan bulo yana jiran saƙo.

Kowace ƙira na da inda take ciwo. Motocin Ford na wannan jinsi da aka ƙera tsakanin 1996 da 2001 an san su da tsagewar mashigar iskar inji ta roba, wadda ruwan sanyaya ke ratsawa. Lincoln Town Car da wasu Grand Marquis suna tsaye ne a kan jakar iska a baya, wadda kan yoyo in ta tsufa, ko da yake ana iya sauya ta da sifirin na ƙarfe. Injin lita 3.0 na tsohuwar Avalon da Camry yana tara daskararren baƙin mai idan aka yi jinkirin juye. Bambancin shi ne ciwon Avalon bakaniken Diffa ya saba ganinsa, domin kayanta da yawa iri ɗaya ne da na Camry.

Abin da ke kashe inji a nan

Zafi da ƙura su ne manyan abokan gaba. A Afrilu da Mayu zafi kan haura maki 40 a inuwa. Da hunturu kuwa ƙura na shiga ko'ina.

Ka je gareji da rana tsaka a bazara ka gani. Mota ta zo tana huci, an buɗe bonet, an jira ta huce. Bakanike ya kwance murfin lagireto ya sa yatsa ya lakato wani farin abu mai kauri da ya daskare a bakin bututu.

"Alhaji, wane ruwa kake zuba mata?"

"Ruwan rijiya mana, Malam. Ruwa ai ruwa ne."

"To ga shi nan ya zama kanwa. Rabin hanyoyin sun toshe."

Ƙasar Manga ƙasar kanwa da gishiri ce, kuma ruwan rijiyoyi da yawa na ɗauke da su. Duk lokacin da ruwan ya tafasa ya ragu, gishirin na nan a ciki yana taruwa. Maganin shi ne a wanke lagireto ko a sauya shi, a zuba ruwan sanyaya inji na galan, in bai samu ba a nemi tataccen ruwa irin na batir. Abin takaici, abin da aka fi yi shi ne a cire tamostat, ɗan bawul ɗin da ke daidaita zafin ruwan, a haɗa fanka kai tsaye, a ce ai don ƙasar sanyi aka yi shi. Allurar zafi za ta sauka, mai mota ya yi murna. Amma toshewar na nan, kuma injin da bai kai zafin da aka tsara masa ba, kwamfutarsa za ta riƙa ƙara masa mai tana zaton bai gama ɗumi ba. A babban inji wannan asara ce ta kowace safiya.

Matatar iska ita ce ta biyu. Idan ta cika da ƙura mota ta rage ƙarfi, wasu sai su huda ta ko su cire ta gaba ɗaya. Daga ranar yashi ke shiga silinda yana cin zobe, bayan 'yan watanni sai hayaƙi da shan baƙin mai. A riƙa kakkaɓe ta duk mako da hunturu, a sauya ta da zarar ta gaji. Kuɗinta bai kai kashi ɗaya cikin ɗari na kuɗin sauke inji ba.

Juyen baƙin mai kada ya wuce kilomita 5,000 a irin ƙurarmu, tare da sabuwar matata, kuma a sayi mai a rufaffen galan. Man giya ma yana tsufa, launinsa ja ne, in ya koma baƙi yana warin ƙuna to an makara ko an kusa. Bel ɗin da ke daidaita bugun inji, a motocin da ke da shi, in ba ka san ranar da aka sa shi ba ka sauya. Taya kuwa tana ɗauke da ranar haihuwarta: lambobi huɗu a gefenta, biyun farko mako, biyun ƙarshe shekara. Tayar hannu mai kyan zane da ta haura shekara shida, a ƙarƙashin mota mai nauyi, a kan kwalta mai zafi tsakanin Gure da Gudumariya, ganganci ne da rayukan mutane. Rigakafi ya fi magani.

Kafin a biya kuɗi

Motar da ta fito daga Amurka da mil take ƙirga tafiya, kuma mil ɗaya ya kai kilomita 1.6. Idan ka ga 200,000 a allo, kilomita 320,000 ke nan, in ma ba a taɓa agogon ba. Da yawa daga cikin na gwanjo kamfanonin inshora ne suka sallama su bayan hatsari ko ambaliya. A ɗaga kafet a shinshina, a duba tsatsa a ƙarƙashin kujeru da laka a cikin ramin safaya. Jihohin arewacin Amurka suna watsa gishiri a kan titi lokacin ƙanƙara, don haka a shiga ƙarƙashin mota da tocila a ƙwanƙwasa shasi da bututun birki. Kowace mota na da lambar shaida mai haruffa da alƙaluma 17, kuma da ita ana iya binciko tarihin motar Amurka ta intanet a wayar hannu.

Ka tafi da bakanikenka, wanda zai ci gaba da riƙe ta, ka tambaye shi abu uku: ka taɓa buɗe irin wannan inji? Ina za mu samu famfon mai da abin birkinta? Kwana nawa za su ɗauka? In ya yi shiru, ka bar ta komai arharta. Ka tabbatar da takardun duwan da na mallaka, domin a jihar da shingen bincike ya yi yawa, mota marar cikakkun takardu ba ta fita gari. Sannan kada ka zuba duk abin da ka tara a saye. Ka ware wani kaso na gyaran watannin farko, domin kowace tsohuwar mota na zuwa da bashin da tsohon mai ita ya bari.

Wa ta dace da shi?

Riƙon babbar mota kamar riƙon doki ne: saye ba shi ne wuya ba, harawa da dawa na kowace rana su ne ke nuna wanda ya isa. Ta dace da mutumin da yawancin tafiyarsa a kan kwalta take, mai iyali da yawa, wanda ke zuwa Damagaram ko Maine-Soroa a kai a kai, yana da abin shigar da zai ɗauki man, kuma yana da wata hanyar zuwa aiki ranar da ta kwanta. Ko shi ma, gara ya zaɓi wadda ke da dangi a kasuwa, irin Avalon ko Camry, ya bar mai silinda takwas ga wanda ke da ɗan'uwa a Jidda ko Dubai da zai riƙa aiko masa da kaya. Manomin bakin kogi da ɗan kasuwar ƙauye, motarsu mai tsayin ƙafa ce. Ma'aikacin da albashi kaɗai ya dogara da shi, ƙaramar mota mai silinda huɗu za ta bar masa abin cefane.

Akwai kuma nauyin da ya wuce na mai mota. Matasan da suka cika garejin Diffa, da yawansu tsofaffin 'yan kabu-kabu ne da 'ya'yan waɗanda rikici ya raba da garuruwansu, suna da hannu da basira, amma motocin da ke shigowa yanzu na buƙatar na'urar gwaji da sanin lantarki. Cibiyoyin koyon sana'a da ƙungiyoyin da ke aiki a jihar su sa wannan a gaba, su horar da su, su taimaka musu da kayan aiki. Masu duba lafiyar mota su duba birki da taya da gaske kafin su buga hatimi. Hukumomi su kula da hanyar da ta haɗa mu da sauran ƙasa, domin jihar da ke ba Nijar man fetur ta cancanci kwalta mai kyau.

Kai kuma mai niyyar saye, kafin ka je wurin dillali ka fara zuwa gareji da shagon kayan gyara da gidan mai, ka yi lissafinka na shekara guda a takarda. In lissafin ya fita, Allah ya sa albarka, ya tsare hanya. In bai fita ba, ka haƙura ka sayi daidai ƙarfinka.